Hoton Mahaifiyar Oga

Shekarun baya, tun gemu bai yi tunanin fito min ba, na taɓa zama ɗan shara, wato ɗan daba, a unguwar Kakuri. Kar ku yi dariya. Ni da ko kaza ake yankawa sai na kau da kai, amma da wuƙa nake yawo a ƙugu.

Mahaɗarmu wata tsohuwar masaƙa ce da aka rufe tun ina firamare. Rufinta ya huhhuje, rana tana zubowa ta ramukan, tattabaru suna shawagi a kan injinan da suka yi tsatsa. Sauran yara suna busa hayaƙi suna labarin faɗa, ni kuwa da na samu guntun gawayi sai in fuskanci bango. Na zana jirgin ƙasa, na zana kogi, har da kifaye masu fukafukai. Wani lokacin sai in ji kamar injinan sun farka suna saƙa abin da nake zanawa.

Mahaifiyata ta sani. Wata rana tana suyar doya a ƙofar gida, ta jawo ni ta shinshina rigata.

"Marigayi babanka ta ƙofa yake shiga masaƙar nan, da katin aiki. Kai ta katanga kake shiga. In na je na same shi, me zan ce masa?"

Yayata ce ta samo min wani mai zanen allunan shaguna a Sabon Tasha, ya ce in zo ranar Asabar ya ga hannuna. A makon ne kuma yaran wata unguwa suka sari ɗaya daga cikinmu. Oganmu ya ce Asabar ɗin nan za mu je ramuwa, wanda bai zo ba shi ma abokin gaba ne.

Ogan nan dogo ne, da tabon sara a kumatu, ba a haɗa ido da shi. Ana gobe za mu fita, da la'asar, ya same ni ni kaɗai a gaban bangona.

"Kai, mai zane. Za ka iya zana wanda ba ka taɓa gani ba?"

"Wa ke nan, Oga?"

"Tsohuwata. Ina ƙarami ta rasu. Hotonta ɗaya ne, shi ma ya ƙone da gidanmu."

Ya zauna a kan wani tsohon duro, ya rufe ido. Ya ce goshinta faɗi, tana da wushirya, in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen zani. Ina zanawa, yana leƙowa yana gyara min. "A'a, idon bai kai haka girma ba." In goge da tafin hannu in sake. A hankali muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Da na gama ya daɗe tsaye yana kallon bangon.

"Mama," ya ce can ƙasa. Ba da ni yake ba.

Ranar Asabar tsoro ya fi ƙarfina, masaƙa na nufa. Muna tsaye ana raba makamai Oga ya zo ya zare wuƙar daga ƙuguna, ya kwaɗa min mari a gaban kowa.

"Wannan ragon zai ja mana asara. Fita! In na sake ganinka a nan sai na karya ka."

Yara suka bushe da dariya. Yana tura ni wajen katanga ya raɗa min a kunne: "Hannun nan ba na sara ba ne. Tafi."

Ina kukan kunya na hau bas zuwa Sabon Tasha, da shatin yatsunsa a fuskata. Mai zanen ya duba hannuna, ya ce in dawo Litinin.

A ranar an zubar da jini, 'yan sanda suka kwashe da yawa daga cikin yaran. Oga ya tafi gidan yari, daga baya na ji a can ya rasu.

Yau da zane nake ci da iyalina. In an tambaye ni wa ya tsamo ni, sai in ce addu'ar mahaifiyata da nacin yayata, kuma gaskiya ne. Shi kuwa na kasa kiransa mutumin kirki, don na san gidajen da ya sa kuka. Amma ranar Lahadi in fasto ya ce kowa ya tuna da wani a zuciyarsa, har yanzu shi ne yake fara zo min.