Gwangwanin Malam Iro

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Malam Iro mai gyaran rediyo ya riga mu gidan gaskiya. Ni da na tsaya aji huɗu, ni aka bari da ba da labarin injiniya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai ku yi haƙuri da ni.

Tare muka tashi a Ɗantutture. Shi ya kama rumfa a kasuwar Dutsin-Ma, ni na kama keke ina kai goro ƙauyuka. Dinamon keke kuwa kun san halinsa: ka yi gudu ya ƙone ƙwan fitila, ka sassauta ya hau gyangyaɗi. Iro ya ce wannan wuta ba ta da tarbiyya. Ya sami gwangwanin madara, ya cusa masa hanjin matattun rediyoyi, ya ɗaure mini ƙarƙashin sirdi, kusa da tayar baya. Wutar ta shiga da hauka, ta fito a natse, daidai cikin ɗan rediyona da ke rataye a keken. Daga Kurfi har Barkiya nake ratsa gero, kiɗan garaya na bin iska, kamar ba ƙafata ke ciyar da makaɗin ba.

Awonsa ɗaya ne. In ya gama haɗi sai ya manna gwangwanin a kumatu, ya lumshe ido. In ya ji ɗumi, ya warware duka, ya ce da ni: "Alhaji, zafin nan guminka ne ya zube a hanya. In ba ƙira, me ya ci gawayi?" Na ce, "Malam, kai da gwangwani sai ka ce ango da amarya." Burinsa ya haɗa wanda zai yi aiki yana sanyi kamar randa. Bai kai ba, amma ya kusa.

Yau ga farantin sola bisa kowane shago, ga inbata, ga 'yan janareta da ake ɗauka da hannu ɗaya. Da Iro zai dawo, ba zai tambayi ƙasar da ta ƙera ba, kumatu zai kai. Kwanaki na gwada masa, na manna kumatu jikin wata inbata a wani shago, mai shagon ya ce, "Baba, ciwon haƙori ne?"

Bana likita ya ce in sauka daga keke, gwiwa ta ƙare. Gwangwanin kuwa ba ya aiki sai taya na juyawa. Sati uku rediyon na shiru, na ji kamar yanzu aka binne Iro. 'Ya'ya suka ce za su sayo mini mai caji, na ce su bar shi.

Sai na kife keken a zaure, na zauna kan tabarma, na kama feda da hannu. Maiɗakina Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, markaɗe ka buɗe?" Kafin ta rufe baki, rediyon ya fara gyaran murya.

Iro bai bar gini ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari sai an motsa shi yake numfashi. Allah Ya jiƙansa. Gwiwa ta yi murabus, amma hannu yana da saura.