Goron Ƙarin Kuɗi na Malam Buba

Shekara goma sha huɗu ke nan cif da muka raka Malam Buba makwancinsa a Dutse. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don shi ba mai son yabo ba ne. Da ka fara sai ya sunkuyar da kai ya ce maka shayinka zai huce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne dogon ramin da ake haƙawa a layinmu na Takur, inda aka ce za a binne wayar intanet ta faiba, sai kuma wani saƙo da ya shigo wayata.

Saƙon daga kamfanin da nake sayen data ne. Layi biyu ne, babu ko sallama: daga wata mai zuwa kuɗi ya ƙaru, wai domin a inganta aiki. Na yi shekaru ina tare da su, amma ko sunana babu a ciki. Na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai, na ce ina ma Malam Buba yana nan ya ga yadda ake ƙarin kuɗi a zamanin yau.

Mun haɗu ne bayan an ƙirƙiro jiharmu, lokacin da aka kwaso mu ma'aikata daga Kano aka zube a Dutse tun gari bai shirya karɓar baƙi ba. Ni mutumin Jahun ne, shi Bafulatani daga wajen Buji, kuma ɗaki ɗaya muka kama haya. Bai daɗe a aikin gwamnati ba. Ya lura da yadda ma'aikata ke wahala kafin su ji muryar iyalan da suka baro, sai ya sayar da shanu uku cikin gadonsa, ya kama shago, ya ja layin tarho, ya ajiye benci da teburi, ana biya ana buga waya. 'Yan uwansa suka ce Buba ya zautu, ya sayar da saniya ya sayi igiya. Igiyar nan ce ta aurar da shi, ta kuma gina masa gida.

Da aka shiga shekarun shari'a, wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar tarho, sai ya mai da shagon wurin shiga intanet, da kwamfuta shida. Ya rataya labule ya ware biyu don mata, sauran kuma ya juya fuskarsu suna kallon ƙofa, ya ce kada a bar wa Shaiɗan kujera. Matsalar ɗaya ce: intanet ɗin ta layin tarho take zuwa, da tafiyar hawainiya. Sai ka danna, ka je ka yi alwala ka yi sallah, ka dawo shafin bai gama buɗewa ba.

Maganin abin shi ne ya kafa babban farantin nan mai ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam. Farantin kuwa yana da tsada, kuma kowane wata sai an biya masu shi. Babu yadda zai yi sai ya ƙara kuɗin awa ɗaya daga naira ɗari zuwa ɗari da hamsin. Da wani ne, da sai ya rubuta a kwali ya manna a ƙofa. Malam Buba ya tafi kasuwa ya sayo ƙwarya guda ta goro, ya ƙunƙulla bibbiyu da alewa kamar mai gayyatar suna, ya hau babur ɗinsa ya bi mu ofis-ofis da gida-gida, saura wata guda ƙarin ya fara. Duk wanda ya ba goro sai ya zauna ya yi masa bayani, ya gayyace shi ya zo bayan shago ya ga daɓen simintin da za a ɗora farantin. Ya kuma yi alkawari: in an kafa ba a ga sauri ya ƙaru ba, za a koma tsohon kuɗi.

Mun yi masa tsiya ba kaɗan ba. Na tambaye shi yaushe za a yanka ragon, kuma wane suna za a raɗa wa jaririn. Ya yi murmushi ya ce, "Malam Isa, a wajenmu makiyayi ba ya tashi da garke bai yi sallama da mai gonar da ya sauke shi ba. Ku kuka riƙe ni, ba zan bari ku ji a bakin bango ba."

Na ci goron, na sa albarka, sannan na gudu. A nan ne labarin yake min nauyi. An buɗe wani sabon shago kusa da tasha, awa naira tamanin, ni kuma na ce wa raina albashi ba ya jin zumunci. Na koma bin wani lungu don kada in wuce ta ƙofarsa. Ba ni kaɗai ba ne, da yawa mun zame. An kafa faranti, sauri ya samu, amma kujeru babu kowa, janareta na shan mai a banza. Matarsa ta gaya wa tawa cewa ya aika Buji a duba masa kasuwar sauran shanun. Na san abin da hakan ke nufi: in shagon ya rufe, ba saniya ba igiya. Na ji, na ci gaba da bin lunguna.

Araha dai ba ta ado. Ranar da za a rufe cike takardar neman gurbin karatu ta 'yata Zulai, tun safe layin sabon shagon ya ɗauke. Muka zauna har azahar ana ce mana yanzu zai dawo. Da na ga shekara guda ta yarinyar nan za ta salwanta, na tattara kunyata na nufi shagon Malam Buba. Ya ɗago kai ya ce, "Lale, Malam Isa. Kujerarka ta bakin taga tana nan." Bai tambaye ni inda na shige wata huɗu ba. Kafin a kira la'asar mun gama. Na miƙa masa ɗari da hamsin, ya karɓa bai rage ko sisi ba, kuma har gobe ina gode masa da ya karɓa, don da ya ce in bar shi da ban iya sake haɗa ido da shi ba. A makon nan wasu ma suka dawo, kowa da irin sunkuyar da kansa. Shagon ya tsaya da ƙafarsa, shanun suka tsira, Zulai kuma yau ma'aikaciyar jinya ce.

Da yana raye, ban jin zai yi faɗa da ƙarin kuɗin da kamfanoni ke yi. Ya san waya ba ta binne kanta, ya san abin da man janareta ke ci. Na kuma san ba za a iya raba wa miliyoyin mutane goro ba. Amma ina jin zai tambaya: an nuna wa mutane inda kuɗinsu zai shiga? An gaya musu abin da za a yi in aikin bai gyaru ba? Wanda ya daɗe tare da kai, an bambanta shi da wanda ya zo jiya? Zai kuma juyo kanmu masu saye, ya tuna mana cewa da tsohuwar zuma ake magani, ko da yake ni ba zai faɗa min ba, kallona kawai zai yi.

Shagon yana nan, babbar 'yarsa Hadiza ke riƙe da shi. Ba a zama a kwamfuta yanzu, intanet take rarraba wa gidajen unguwa, har da nawa. Ranar Asabar da ta wuce ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye wani ɗan ƙunshi a gabana. Tun ban buɗe ba na gane.

"Baffa, zan jona da faibar nan, dole kuɗin wata ya ɗan hau. In ya yi maka yawa ka koma wani wurin, wallahi ba zan ji komai ba."

Na ce, "'Yata, na taɓa cin goron gidanku na gudu wata huɗu, na bar mahaifinki da kujeru. Ai kin san labarin."

Ta dube ni da mamaki. "Baba bai taɓa faɗa mana ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, Baffa Isa yana cikin waɗanda suka riƙe shi."

Farantin ya daɗe da yin tsatsa, kwamfutocin an sayar wa masu gwangwan. Abin da ya rage na Malam Buba shi ne ƙunshin nan, da asirina da ya rufe har ya shiga kabari. Haƙorana sun daina jure goro, likita ma ya hana ni. Na ɓare ɗaya a gaban Hadiza, na tauna har ya ƙare.