Adurukun Bakin Rami

Jiya jikata ta bi akuyarmu da gudu cikin ciyawar da ta rufe tsoffin ramukan tama. Na ƙwala mata kira daga gona, ba ta ji ba. Da ta kai jerin aduruku sai ta tsaya cak, don duk yaran ƙauyen nan sun san ba a ƙetare shi. Akuyar ce ta faɗa rami.

Kawuna ne ya dasa itatuwan. Ya haƙi tama tun Kwantagora tana sabon gari. Da maƙera suka tashi aka koma noma, kowace damina sai ya kafa reshe a bakin rami. Har ya rasu jar ƙasa ba ta bar faratansa ba.

Wata safiya ina riƙe masa rassan, na yi ƙunƙuni. "Kawu, ai duk mun san inda ramukan suke."

Ya danne ƙasa da diddige, ya ce, "Ku kun sani. Waɗanda ba a haifa ba fa?"

Mun ciro akuyar da igiya, ƙafa a karye. Yarinyar tana yi mata kuka, ni ina dariya har da hawaye.

Kawu, Allah ya yalwata naka ramin, ya sanyaya maka shi.