Ɗakin da Aka Nuna Mana

Ranar Laraba ce, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ana tsakiyar tsinkar tumatir. Mu uku ne a cikin adaidaita sahu: Hajiya, shugabar ƙungiyarmu ta mata, da mataimakiyarta, da ni sakatariya. Sun ba ni wannan aiki ne saboda na daɗe ina rubuta labarai a gidan rediyo.

Ƙungiyar tana da gida mai ɗaki shida a Kura, inda muke zaunar da matan da suka rasa matsuguni tare da 'ya'yansu. Ɗaki ɗaya ne ya rage, masu nema biyu. Ƙa'idarmu ita ce mu je mu ga inda mace take kwana da idonmu.

Wadda za mu gani a ranar, mijinta mai gadi ne a wani injin casar shinkafa. Da ya rasu ta gama takaba, aka ba sabon mai gadi ɗakin da suke zaune a ciki. A takardar da aka cika mata, ta ce tana kwana da 'ya'ya uku a rumfar ajiye albasa, a bakin hanyar ruwa wajen Kadawa. Dangin mijin sun riga sun faɗa mata: in damina ta faɗi ba ta da ɗaki, za su kwashe yaran.

Mun aika mata da ranar zuwanmu tun mako guda kafin nan.

Ta tarye mu a bakin titi, amma ba rumfa ta kai mu ba. Wani gida ta shigar da mu a cikin ƙauyen. Ɗaki ne mai daɓen siminti, da gado da katifa, da kwanoni a jere. An yi turaren wuta. Yaran sun sha wanka. Ta kawo mana fura da dafa-duka.

Hajiya ta dube ta ta ce, "Masha Allah, baiwar Allah. Nan kike zaune?"

Ta sunkuyar da kai. "Eh, Hajiya."

Mataimakiya ta taɓa ni, ta raɗa mini, "Wallahi katifar nan ta fi tawa."

Ni kuwa na ga matar ta duba wuri uku kafin ta sami ludayi. Na ga yaran sun tsaya a bakin ƙofa, babu wanda ya kusanci gadon. Da muka koma na rubuta rahoto: ɗaki ɗaya, siminti, gado, katifa. Ban sa ludayin ba. Aka ba ɗaya matar makulli ranar Alhamis.

Ranar Asabar da hantsi sai ga matar da muka ziyarta ta zo ofis, goye da jaririyarta, tare da wata dattijuwa.

Dattijuwar ce ta fara magana. "Hajiya, ɗakin nan nawa ne. Ni na ce mata ba a sauke manyan baƙi a rumfar albasa. Sai ku tafi kuna cewa mutanen garinmu ba su san mutunci ba."

Hajiya ta ce, "To Inna, tunda kin san mutunci haka, ki bar mata ɗakin mana."

Matan da ke ofis suka fashe da dariya. Dattijuwar ta ce su tara ne a gidan, kuma ɗanta ba zai yarda ba.

Hajiya ta juya ga matar. "Da bakina na tambaye ki, kika ce eh."

"Kunya na ji, Hajiya. Kuna cikin cin abinci, ta yaya zan ce ɗakin aro ne? Don Allah ku zo ku ga rumfar."

Mataimakiya ta ce, "Wa ya sani ko ita ma rumfar aro za ki yi?"

Aka sake dariya.

Hajiya ta ce, "Ko a takarda kika yi ƙarya, ko a ɗaki. Ba ma ajiye maƙaryata a gidanmu." Sannan ta dube ni. "Malama, kin ga wani abu da ya saɓa wa rahoto?"

Matar ta ɗago kai ta kalle ni. Na san ta ga ina kallonta lokacin da take neman ludayin.

Na ce, "Rahoton ya yi daidai da abin da aka nuna mana."

Ta durƙusa ta yi mana godiya, suka fita.

Da ruwan farko ya sauka, dangin mijin suka zo. Aka kai babbar yarinyar Bunkure, ta tsakiya kuma cikin Kano. Jaririyar suka bar mata har ta yaye ta, sannan suka dawo suka ɗauke ta.