Mai Jefa wa Nasa Gurneti

Hussaina, ke da kike cewa ni ne sarkin zaman banza a danginmu, zo Gada Biyu ki ga ubangidana.

Ga shi a benci gaban shagon cajin waya. Ya kai arba'in, ya yi zanzaro, takalmi ya sha goga har ƙuda na zamewa. Ambulan ɗin takardun neman aiki yana ƙarƙashin cinyarsa, ya yi laushi kamar tsumma. Wasan harbi yake yi a waya, ƙungiya ɗaya da mutum uku da bai taɓa gani ba. Sai sun kusa cin wasa, ya juya ya jefa musu gurneti.

Har ƙure sautin wayar yake yi don ya ji zagi. "Gwadabe, Allah ya isa, mugu!" Sai ya lumshe ido kamar mai shan farfesu. Ina jin duk ofisoshin da ya zaga, babu inda aka taɓa kiran sunansa.

Yanzu ya sake jefawa. Mutanen suka fice daga wasan, ko tsaki babu.

Ya kai wayar bakinsa, murya ƙasa-ƙasa. "Oga, kuna ji na? Ni ne fa na kashe ku."