Irin da na binne a gonar Kawu

Kafin in shiga kaso, ni mai amalanke ne. Jaki guda gare ni, da amalanken da Kawu, ƙanen mahaifiyata wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya saya mini. Ina dako tsakanin Tasawa da ƙauyukan Maijirgi. Ba na caca, ba na shaye-shaye. Mutum yakan ba ni kayansa ya wuce gida, ya same su cif. Na fara da wannan ne domin ku matasa ku san ba da sata na tashi ba.

Shekarar da abin ya faru, daminar baya ta yi gardama. Kowace ranar kasuwa tiyar hatsi sai ta ƙara kuɗi. Dusar jaki ta hau, kuɗin dako yana nan inda yake. Gidaje da yawa sun cinye har irin da suka ajiye na shuka. Sai wani shirin agaji ya kawo cimaka mai rahusa, aka ɗauke mu masu amalanke mu riƙa kai buhuna daga magaza, wato ɗakin ajiyar kayan, zuwa ƙauyukan da kamiyo, babbar motar kaya, ba ya shiga saboda rairayi.

Da ɗan bututun ƙarfe na fara. In na kai inda babu kowa, sai in soka shi a gindin buhu in tsiyayi na tuwon gidana. Na ce wa kaina ai ni ma talaka ne, agajin har da ni. Daga na tuwo na koma na sayarwa. Mai saye wani Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi, wanda ba ya tambayar inda kaya suka fito.

Wata rana ya dube ni ya yi dariya. "Mai jaki, har yaushe za ka riƙa zo mini da hatsi cikin hula? An ce iri na tafe, mai saurin nuna. Ka biyo da shi ta nan kawai."

"Alhaji, buhu ƙidaye yake."

"Wa ya ce maka buhu zai ɓata? Buhu zai je. Hatsi ai hatsi ne."

Irin agaji yana zuwa da jan magani a jikinsa, don kada ƙwari su ci shi a ƙasa. Manoma sun san wannan ja, sun yarda da shi. Alhaji yana da tsohon hatsi da ya yi shekara da shekaru a rumbu, ya sha zafi, ya fara wari. Ya sa aka wanke shi, aka shanya, aka cuɗa da jar hodar rini. Muka juye iri na gaskiya, muka ɗura wannan a buhunan shirin, muka ɗinke. Na tambaye shi ko zai tsira. Ya ce, "Tsiro na Allah ne." Ban sake tambaya ba, domin na san amsar.

Ban yi zaton ƙauyenmu zai faɗo cikin rabona ba. Ya faɗo. Da hannuna na sauke buhunan a ƙofar maigari, kuma na ga Kawu a layi da ƙwarya.

A wajenmu ana yin binne: a shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, iri ya kwanta yana jira. Wanda ya yi binne yakan riga kowa cin sabon hatsi, kuma a shekarar yunwa kowa yana son ya riga. To amma mai binne ba ya sanin abin da ya binne sai ruwa ya sauka. Da a jiƙaƙƙiyar ƙasa aka shuka, da cikin 'yan kwanaki an gane, an nemi wani iri tun da sauran lokaci.

Kawu ya aiko in je in taya shi. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. Yana ta raha.

"Kai, zuba kaɗan-kaɗan, ba na ubanka ba ne! Wannan irin, in ji malamin gona, kafin maƙwabta su gama noman farko mu muna tumu."

"Kawu, da ka raba gonar biyu. Rabi ka nemi irin gida."

Ya tsaya ya jingina da sungumin. "Irin gida yana cikin cikinmu tun azumi. Ko ka ga wani abu ne?"

Ya ba ni hanya. Kalma ɗaya ta isa. Na dubi jan da ya rine tafin hannuna, na tuna jandarma, na ce, "Ba komai, Kawu." Muka binne gonar har iyaka.

Daga nan na zama mutumin da ba ya son ruwa. Gari ya fita roƙon ruwa, ina cikin sahu, hannuna a sama, zuciyata tana roƙon akasin haka. In hadari ya taso daga gabas, yara suna murna, ni ina fatan iska ta watsa shi. Na je wajen Alhaji na roƙe shi ya sayar mini da ko tiya biyar ta irin gaskiya. Ya ce kaya sun daɗe da ƙetare iyaka, kuma kada in sake tako masa shago.

Ruwa ya sauka, mai yawa. Gonakin da aka shuka da irin gida suka yi kore. Gonar Kawu ta tsaya fara fat, sai tsiro ɗaya nan, ɗaya can. Ya ƙara jira, yana cewa wataƙila irin Turawa nauyin tashi gare shi. Daga baya ya durƙusa ya tona rami da yatsa. Abin da ya fito ya ruɓe.

Kama ni bai yi wuya ba. Irin ya tsira ko'ina, ban da ƙauyukan da amalankena ya je. A gaban jandarma Alhaji ya ce bai taɓa ganina ba, sai da aka samu ragowar hodar a bayan shagonsa. Alƙali ya ɗaure mu duka.

Ina kaso labari yake iso ni. Mutane sun sake shuka a makare, da irin da suka saya da tsada, ruwa kuma ya ɗauke kafin ya nuna. Wasu sun sayar da awakinsu, wasu sun kulle gida sun tafi. Kawu ya sayar da rabin gonar da ya gada don ya ciyar da iyalinsa. Shirin kuma bai sake kawo iri yankinmu ba a shekarar da ta biyo, sai waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka biya.

Da aka sake ni, ban wuce gida ba, wajen Kawu na nufa. Na same shi yana gyaran darni. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya gama ɗaure karan da ke hannunsa, sannan ya ce:

"Yunwa na sa mutum sata, na sani. Wannan na yafe tun kana ciki. Amma na tambaye ka a gona, ka dube ni ka ce ba komai. Shi ne nake ta roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa. Bai ba ni ba tukuna. Tashi ka sha ruwa."

Na tuba, kuma ina nan ina jira. Yanzu ƙwadago nake yi a gonakin mutane, ciki har da rabin da Kawu ya sayar.

Ku matasa, tsada gaskiya ce, ni ma ta matse ni. Amma kayan agaji suna da masu su, kuma masu su sun fi ku yunwa. Kada ku taɓa, ko cikin tafin hannu ne. In kuwa kun riga kun taɓa, wani naku ya tsaya ya tambaye ku ko akwai wani abu, ku faɗa masa a wurin. Kaso yana da ranar fita. Ni na fita, gonar Kawu ba ta dawo ba.