Hannun Inna Ɗelu da Lafayar da Aka Yanka

Duk wanda ya saba bin hanyar tafki da sassafe a Madarumfa ya san Inna Ɗelu, ko bai san sunanta ba. Da an sallame asuba za ka hango ta da tasa a ka, tana gangarawa wurin masunta. Ba ta ciniki da hayaniya. Ta ɗaga kifi, ta duba idonsa, ta jefa a tasa ko ta mayar. Kafin hantsi ta kafa kaskonta a gindin itacen bedin tasha, direbobin Maraɗi da na Jibiya suna tsaye a kanta suna cewa, "Inna, a ƙara yaji."

Wannan ne aikin da mu maza muka san ta da shi. Akwai wani wanda matanmu suka sani, mu kuwa muka ci moriyarsa shekara da shekaru ba mu tambayi mai yi ba. Babu amaryar da ta fita daga unguwarmu da kyan gani face hannun Ɗelu ya bi ta kanta: lalle, turare, ɗaurin kallabi, yafa mayafi. Mu dai mu zauna a zaure ana yi mana barka, muna amsawa kamar mu muka yi.

Yanzu hannun ya gaji. Sanyin ƙashi ya murɗe yatsun, tun bayan Sallar layya ta ce ta ajiye gyaran amare. Ba wanda ya tara mutane dominta, ba wanda ya ce mata sannu a bainar jama'a. Abin kunya ne a gare mu, kuma wanda kunyar ta fi ci shi ne maƙwabcina Yahaya mai amalanke. Shi ya ce a ba da labarinsa yadda yake, kada a rage.

Shekarar da sefa ta faɗi kaya suka yi wuta, aka sa ranar auren ɗiyarsa Rahama da Mushe Al'amin, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, mutumin Gure ta ƙasar Barebari. Yaran suna son juna, ba a sha wuya ba. Wuyar ɗaya ce: uwar Rahama ta rasu tun tana ƙarama, Yahaya shi ne uba, shi ne uwa. Da aka kawo balis, wato akwatin lefe, gwaggwannin yarinyar suka zo daga Gabi, suka duba, suka yi guɗa, suka ware masa abin da za a kai ɗinki, suka koma gona. A cikin tulin akwai wani dogon yadi ruwan makuba, mai laushi, yana ƙamshin turaren da ba irin namu ba. Yahaya ya shafa shi, ya ce a ransa wannan ne Rahama za ta sa ranar da ta fi kowace rana, don kada kowa ya ce marainiya ce. Ya kai wa Ɗan Azumi tela da hannunsa.

"Kai Yahaya, ina ka samo wanga?" in ji Ɗan Azumi. "Ko matar sufurefe mai mulkin gari ba ta da irinshi."

"Riga da zane. Ka yi mata wuya mai kyau."

Biki ya matso, sai ga abokin ango da saƙo. Ya ce kakar Al'amin, Hajiya Falmata, tana tahowa daga Gure, ta ce a tuna wa gidan amarya lafayarta da ta sa a balis. Da ita ta gaishe da dangin mijinta ranar buɗar kai, da ita uwar Al'amin ta gaishe ta, haka gidansu yake yi.

"Lafaya?" in ji Yahaya.

"Doguwar nan ruwan makuba, Baba. Wadda ba a ɗinkawa, naɗawa ake."

Yahaya bai san sadda ya isa rumfar tela ba. Ya tarar an raba yadin biyu, an kuma ƙwaƙule wuyan riga a tsakiyar rabi ɗaya. Ɗan zagayen da aka cire yana ƙasa, gefen keke.

"Ai da ka hwaɗa mini," in ji Ɗan Azumi.

"Ni wa ya hwaɗa mini?"

Ya tsince har ƙyallen ƙarshe, ya ƙunshe. Ya shiga kasuwar Maraɗi rumfa rumfa, 'yan yadi suka ce irin wannan an daina kawo shi tun suna yara. Ya dawo ya kasa haɗa ido da ɗiyarsa. Abin da ke cin ransa ba yadin ba ne. Gani yake Rahama za ta shiga gidan mutane da tabo tun ranar farko, a riƙa cewa ga ɗiyar wanda ya yanka kayan kakanni. Maiɗakina Zulai ce ta gan shi zaune a kan amalanke, jaki a kwance, rana ta take, ta tambaye shi. Da ta ji, ta ce, "Tashi ka tahi wurin Inna Ɗelu." Ashe Ɗelu ta daɗe a ƙasar Barebari tare da marigayi mijinta, yana fataucin banda. Can ta koyi lafaya. Ba mu sani ba, don ba mu taɓa tambaya ba.

Yahaya ya tsaya nesa har direbobi suka watse, sannan ya durƙusa ya kwance ƙunshin. Ɗelu ba ta taɓa ba sai da ta wanke hannu da sabulu da lemun tsami.

"Wa ya yi wanga aika-aika?"

"Ni ne, Inna."

"Almakashi dai ba naka ba ne. Amma ƙafar da ta kai, taka ce." Ta ɗaga yadin ga rana. "Ɗan zagayen yana nan? To, Allah ya so ka. Turo mini ɗiyar."

Ta kife kaskonta a ranar, ba ta sake hura wuta ba har aka gama biki. Zaren da ta yi ɗinkin da shi daga gefen lafayar ta zaro shi, sili sili, don launi ya zo ɗaya. Ta haɗa rabi da rabi, ta mayar da zagayen mazauninsa. Amma ɗinki ɗinki ne, ido mai kyau zai gani. Sai ta sake lissafin naɗin gaba ɗaya: a fara daga ɗaya bakin, yadda haɗin zai faɗa cikin ninki a baya, zagayen kuma ya kwanta a ƙarƙashin hammata. In aka goce da ɗan yatsa, asiri ya tonu. Kuma dole Rahama ta iya da kanta, don lafaya zamewa take, amarya kuwa ba a bin ta da mai gyara a gaban surukai.

Ta haɗa tsofaffin zannuwa biyu, da su aka yi koyo. Zulai ta ce ba ta taɓa dariya da tausayi a haɗe ba irin kwanakin nan. A ƙulla a ƙarƙashin hammata, a zagaya jiki, a hauro ta baya a rufe kai, a yafa a kafaɗar hagu. Rahama ta naɗa, ta fito kamar damin gero.

"Ke ɗiyar nan, lafaya ba zanen zuwa rijiya ba ne. Ba a ɗaure ta, lallashinta ake."

"Inna, numfashi fa?"

"Amarya ba ta numfashi sai an watse. Taka in gani."

Ta taka, ta take bakin, ta tafi gaba ɗaya ta faɗa kan turmi. Ta zauna nan ta fashe da kuka, tana cewa da innarta na da rai da ba haka ba. Ɗelu ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta share mata ido da bakin zanenta. "Innarki ni na yi mata lalle. Ita ma kuka ta yi, ita kuwa a kan kallabi kawai. Tashi." Haka aka yi ta yi, tafiya, durƙuso, miƙa hannun dama ba tare da hagu ya saki ba, har yarinyar ta iya shara a cikinta.

Amma akwai abin da Ɗelu ta ƙi. Ta kira Yahaya ta ce, "Zan ɓoye ma idon taro. Ba zan ɓoye ma mai abu ba. Tsohuwar ta sauka, tahi ka hwaɗa mata da bakinka."

Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi masaukin baƙi. Ya gaishe da Hajiya Falmata. Ya tambayi hanya. Ya tambayi damina a Gure. Ya sake tambayar hanya. Bai taɓo zancen lafaya ba, ya yi sallama ya fito. Ranar buɗar kai da hantsi ya shige zaure ya turo ƙyaure, ko kunu bai sha ba.

Abin da ya faru a gidan ango, Zulai ce ganau. Rahama ta fito a hankali, tsakar gida ya ɗauki guɗa. Ta durƙusa gaban tsohuwar, ba abin da ya zame. Hajiya Falmata idonta ya yi rauni, amma hannunta bai yi ba. Ta shafa kai, ta shafa kafaɗa, ta gangaro, ta ɗaga hannun yarinyar. Yatsunta suka bi zagayen nan har suka dawo inda suka fara.

"Wannan mene ne?"

Guɗa ta mutu. Ɗelu, wadda ke tsaye can bayan mutane, ta ratso ta durƙusa.

"Hajiya, gidan babu uwa. Uba ya ga abu mai kyau, ya so ɗiyarshi ta sa, bai san sunanshi ba. Tela ya yanka, ni na ɗinke. Ya zo hwaɗa miki, kunya ta riƙe mishi baki."

"Wanda ya zo ya yi ta tambayata hanya?"

"Shi ne."

Tsohuwar ta ce, "A warware. Ta naɗa da kanta in gani."

Aka warware. Ɗelu ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe. Rahama ta ƙulla, ta zagaya, ta hauro, ta yafa. Hajiya Falmata ta sake bi da hannu tun daga sama har ƙasa. Sai ta kamo bakin lafayar ta juyo cikinsa, ta nuna wani tsohon faci da ko Ɗelu ta ɗauka ado ne.

"Wannan ni ce na ƙona, ranar buɗar kaina, da kaskon turare. Uwar mijina har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Ni kuwa an faɗa mini." Ta dafa kan Rahama. "Zauna nan kusa da ni. Ku gaya wa uban ya fito, hanya lafiya lau."

Zulai ta kawo labari da gudu. Yahaya ya kife kai ya yi hawaye, mu kuma muka rufe shi da barka. To, ga inda kunyar take. Aka raba tuwo, aka raba goro, aka yi wa Hajiya rakiya har tasha, babu wanda ya ce ina Ɗelu. Ta fice ta ƙofar baya, washegari da asuba tana bakin tafki da tasarta. Da Yahaya ya farga ya je, ya buɗe baki, ta riga shi: "Ka ci kifi? Zauna, ka rame."

Inna Ɗelu, ke ce mai rufa asirin da ba a sa ki ba. Ke ce kika ɓoye ɗinki, kika ƙi ɓoye gaskiya. Mu iyaye maza da muka sha yabo a kan aikinki, ki yafe mana. Ni ma ina da 'yan mata suna tasowa, in na dubi yatsunki sai gabana ya faɗi, don ban san hannun wa za su faɗa ba.

A watan jiya Rahama ta zo ganin gida da goyonta, ta kawo sabuwar lafaya daga Gure. Ɗelu ta ce ai yatsun ba sa ƙulli yanzu. Rahama ta ce, "Tsaya kawai, Inna." Ta naɗa mata a gindin bedin nan, direbobi suna kallo. Matar da ta shirya amaren unguwa duka, ranar ce aka fara shirya ta. Ta duba kafaɗarta, ta juya, ta ce, "Kin matse hammata." Amma ba ta cire ba har aka kira magariba.

Allah ya saka miki, Inna, ya sassauta ciwon hannun. Iyaye mata, ku tura 'ya'yanku su zauna gabanta tun bakinta yana iya nuna abin da yatsu suka kasa. Mu kuma maza, tasha ba nisa. Mu je mu durƙusa mu ce mata sannu, kafin mu ce a ƙara yaji.